Takwarar Goggo da Tatsuniyoyin Nani

A Abeshe aka binne yayata Hadiza. Ban ga kabarin ba, domin mata ba su bi ba. Abin da na gani shi ne takalmanta na roba a bakin rumfar da aka ba mu aro, ɗaya a tsaye, ɗaya a kife. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Tana da shekara goma sha biyu, ni ina da goma, kuma watanmu biyar da barin Kazaure, ni da ita da Baba da Inna, muna bin hanyar gabas zuwa Makka.

Ko a ranar Inna ba ta kira sunanta ba. Ba ta taɓa kira ba. Hadiza 'yar fari ce, a gidanmu kuwa uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ga kuma dalili na biyu: sunan yayar Baba aka sa mata, Goggo Hadiza, wadda ta tafi Makka tun kafin a auro Inna, ta yi aure a can, mijin ya rasu ba ta haihu ba. Mace ba ta kama sunan yayar mijinta. Saboda haka "ke" Inna take cewa, ko "waccan", ko ta ce da ni, "Rabi, kira ta." Da aka fita da gawar ma, abin da na ji daga bakinta shi ne, "Rabi, ɗauke takalman nan."

Tun ranar suna Baba ya aika wa Goggo wasiƙa ta hannun alhazai, ya ce takwararta tata ce, idan ta yi wayo zai kawo mata ita da kansa. Wannan alkawari yana cikin abin da ya fito da mu daga gida.

Bayan mun shiga Sudan, wani direba ya sauke mu a bakin wata rijiya, ya ce zai je ya samo mai ya dawo. Ya tafi da buhun geronmu da kwandon daddawar Inna da tabarminmu biyu. Kwana shida muka yi a wurin muna duban hanya. Wata mata mai raƙuma ce take kawo mana nono kowace safiya a cikin ƙwarya mai ɗinki uku. Ba ma jin yarenta. Takan tsaya har in shanye, sannan ta goge mini baki da bakin mayafinta ta tafi.

A kusa da Madani muka fi daɗewa, fiye da shekara, muna cirar auduga don mu sami abin ƙarasa tafiya. A nan Batula ta shigo mana. Uwarta Bahaushiya ce, bukkarsu tana jikin tamu, ta rasu da damina, uban kuwa ba wanda ya san inda ya nufa. Batula ta fara zuwa ɗaukar wuta, daga nan ta riƙa zama har a sauke tukunya. Tana da wushirya, ba ta raina abin dariya, Hausarta kuma rabi Larabci ce. Da farko Inna ko kallonta ba ta yi. Sai wata safiya na ga takalman Yaya a ƙafar Batula. Sun yi mata kaɗan, diddigenta yana leƙowa ta baya. Ni kuwa na daɗe ina gwada su a ɓoye, ina jiran ƙafata ta cika su.

A Sawakin, inda ake jiran jirgin ruwa, Baba ya zaunar da mu a inuwar wani rusasshen gini, ya fito da takardar tafiyarmu. Sunan 'ya'ya biyu ne a ciki, ba hoto. Ya ce da Batula, "Daga yau har mu haye ruwa, sunanki Hadiza. In mun isa, ni zan yi wa Goggonku bayani da bakina." Ya koya mata sunayen danginmu da na unguwarmu. Sau biyu kawai ya maimaita ta riƙe. Ni kuma ya ce in riƙa kiranta Yaya. Na ce to. Amma na kasa faɗin kalmar, sai na koma ce mata "ke".

Na yi amai tun daga Sawakin har Jidda. Ita kuwa tana can bakin ƙarfen jirgi tana nuna wa Inna kifaye.

Gidan Goggo yana unguwar Nakkasa a Makka, a jikin dutse, inda hanya take zama matakala, masu ruwa suna hawa da garwa biyu rataye a sanda. Gidan dutse ne, ɗaki ɗaya a ƙasa da take bayarwa haya, biyu a sama, sai rufin da mutanen nan suke kira sutuhu. Goggo mace ce mai jiki, da haƙorin zinariya ɗaya da ciwon gwiwa. Ta fito bakin ƙofa tana dafa bango. Ƙanenta da ta yi shekara ashirin ba ta gani ba yana tsaye a gabanta, amma ta wuce shi.

"Ina takwarata?"

Batula ta dubi Baba. Baba ya dubi ƙasa. Goggo ta jawo ta, ta rungume, tana sansanar kanta tana kuka. Ta ɗago fuskarta da hannu biyu ta ce, "Allah mai iko. Goshin babarmu ne sak."

Goshin kakarmu a kaina yake. Kowa a Kazaure ya san haka. Goggo ta juyo ta dube ni ta ce, "Wannan ce ƙaramar? Ba ta magana ne?"

Baba bai yi bayanin a ranar ba. Kashegari ina wanke-wanke na ji Inna tana tuna masa. Ya ce, "Kin dai ga kukan da ta yi. Bari ta huce." Bayan wata guda ta sake yi masa magana, ya ce, "In Yaya ta ƙi ta fa? Yarinyar nan ba ta da kowa, sunan da ke takardar ma ba nata ba ne. In magana ta fita, jirgi za a sa ta a mayar da ita Sudan. Wurin wa?" Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen. Baba ya sami wurin zama a bakin kasuwa yana ɗinkin hula, Inna tana taya Goggo suyar waina.

Batula ta koma kwana a gadon ƙarfen Goggo. Ni ina tabarma a ɗakin su Inna. Goggo ta buɗe wani gwangwanin shayi ta fito da 'yan kunnen zinariya masu kamar ƙwayar alkama, ta ce tun shekarar da wasiƙar suna ta iso ta saya. Idan an kawo burodin tamis da safe, tsakiyar mai laushi ta takwara ce, gefen da ya ƙone nawa. Da aka sa mu makarantar 'yan mata ta gwamnati, an ɗinka mata sabuwar rigar makaranta, ni aka karɓo mini ta 'yar maƙwabta, mai tabon tawada a bakin aljihu kamar taswira. A aji kuwa, Abla, wato malamarmu, kafin ta rufe baki Batula ta ɗaga hannu. 'Yan ajin suna dariyar Larabcinta na Sudan, ita ma tana taya su, kafin mako biyu sun zama ƙawayenta. Ni ina layin baya ina ƙirga ƙudajen da ke jikin taga.

Ba ta taɓa yi mini mugunta ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Takan gutsuro tsakiyar tamis ɗin ta tura mini ta ƙarƙashin faranti. Nakan bar shi a wurin.

Mai hayar ɗakin ƙasa wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Bangala, kowa yana kiranta Nani. Ta zo aikin Hajji da mijinta da daɗewa, ya rasu a Mina, ta zauna. Ƙarama ce ƙwarai, tsawonmu ɗaya da ita. Sana'arta haɗa tsofaffin zannuwa, ta jera su huɗu ko biyar ta bi su da ƙananan ɗinki har su zama bargo. Tana tauna wani ganye da take naɗewa, bakinta ya yi ja kamar na mai cin goro. Kullum zancenta ruwa. Ta ce a garinsu da kwalekwale ake zuwa gidan maƙwabci, ga ta yanzu a inda ake auna ruwa da garwa.

Bayan la'asar, idan inuwa ta rufe matakalar gidan, takan fito da ɗinkinta, mu zauna muna zura mata zare a allura, ita kuma tana ba mu tatsuniyoyin ƙasarsu da karyayyen Larabci. Ni ba na ji, sai Batula take juya mini da Hausa. Kusan duk tatsuniyoyin Nani na masu shiga rigar wani ne. Akwai dilan da ya faɗa a rijiyar rini ya fito shuɗi, namun daji suka naɗa shi sarki, har ranar da ya ji 'yan'uwansa suna kuka a bayan gari ya kasa daurewa ya amsa. Akwai aljanar da ke zaune a kan bishiya, ta jefa wata amarya cikin tafki, ta ɗaura zanenta ta shiga gidan mijin. Aikinta ya fi na amaryar sauri, kowa yana yabo, har uwar miji ta leƙa ta ga tana zaune a gaban murhu ta miƙa hannu ta taga, hannun yana ta tsawo har ya tsinko lemun tsami a ƙarshen lambu. Akwai kuyangar da ta bi sarauniya wanka a kogi, ta kwashe kayanta ta sa ta dawo fada, ba a gane ta ba sai ranar bikin da kowace mace take yin wainar shinkafa da hannunta. Ta kuyangar ta fito da kauri irin ta gidan talakawa.

Ni ba Nani nake kallo ba. Batula nake kallo. Idan an zo wurin tonon asiri, takan sa yatsa ta taɓa ɗan kunnenta na hagu, muryarta ta yi ƙasa. Sannan ta ce, "Sai ta ba da haƙuri, aka yafe mata, aka bar ta ta zauna a gidan." Duk tatsuniyar haka take ƙarewa. Amma na lura Nani tana yin wani abu da hannu a daidai wurin, ta sa tafi ɗaya a ƙasa, ta kifa ɗaya a sama, ta danna. Wannan bai yi mini kama da yafiya ba.

Wajen wata takwas da zuwanmu kunnena ya buɗe, na fara jin Larabci. Ban gaya wa kowa ba. A aji ina nan shiru, amma ina jin komai. Ran nan Nani ta sake ba da ta kuyangar, na ji ƙarshen da kunnena: aka haƙa rami, aka shimfiɗa ƙaya a ƙasa, aka jefa ta, aka zuba ƙaya a sama, aka rufe.

Batula ta taɓa ɗan kunnenta ta ce, "Sai aka yafe mata."

Na ce, "Ba haka ta ce ba."

Ta juyo. "Me ta ce?"

"Ƙaya a ƙasa, ƙaya a sama."

Batula ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Ashe kurmar ta warke. To daga yau ke za ki riƙa fassara wa kanki." Ta miƙe za ta hau sama, ta tsaya a matakala ta uku, ta ce a hankali, "Rabi, ni ban roƙi kowa sunan nan ba."

Da ta tafi na haɗa jimlata ta farko da Larabci, na tambayi Nani yadda ake gane ta ƙaryar. Nani ta yi murna da jin muryata har ta ajiye allura. Ta ɗauka zancen tatsuniya nake yi. Ta ce, "Ba a tambayarta, 'yar nan. Ta haddace duk amsoshi. Zama ake yi a zuba ido. Abin da mutum ya saba, shi yake fitowa da kansa."

Zuba ido kuwa shi ne kaɗai abin da na iya. Na yi makonni ina bin Batula da kallo, ban kama ta da komai ba. Idan Goggo ta tambayi wata tsohuwa a Kazaure, sai ta ce, "Ina ƙarama sosai, Goggo, sai dai Rabi," ko ta faɗi abin da ta ji Baba ya faɗa. Miyar kuka da na san ba ta so, tana shanye ta har ta suɗe kwano. Hannunta bai taɓa yin tsawo ba.

Kuskuren ba a wurinta yake ba. A wurin Inna yake.

A gaban Goggo, Inna tana kiyayewa: "ke", "waccan", kamar yadda take yi wa Yaya. Amma kowace Alhamis bayan la'asar tana yi mana kitso a kan rufi, inda Goggo ba ta hawa saboda gwiwa. Nawa ake fara yi, da sauri, da ja, in na motsa a ranƙwashe ni. Sannan a ce in sauka in hura wuta. Wata Alhamis na mance ɗankwalina na koma, sai na tsaya a matakala don abin da na ji.

"Hadiza, sunkuyo. Hadiza, da zafi? Hadiza, Hadiza."

Ba kiran aike ba ne. Faɗa kawai take yi, a hankali, tana tsaga gashin da kibiya, kamar mai tsotsar alewa ba ta son ta ƙare. Batula ta kwantar da kai a cinyarta ta lumshe ido. Shekarata goma sha biyu ina jin Inna tana kiran sunana, ban taɓa jin ta faɗe shi haka ba. Na sauka na hura wutar har hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye.

A makon aka yi ruwan sama mai ƙarfi, irin wanda yake gangarowa daga dutse da tsakuwa da takalman mutane. Ranar Alhamis, da aka gama nawa kitson aka sallame ni, ban nufi murhu ba. Na shiga ɗakin Goggo. Tana zaune a bakin gado tana jan carbi.

Na ce, "Goggo, bangon sutuhu ya tsage."

"Yau kuma ke ce da magana? Ta ina?"

"Ta gefen gabas. Hannuna yana shiga."

Gidan nan shi ne duk abin da mijinta ya bar mata. Ta ce, "Zo ki kama ni."

Matakala goma sha huɗu ce. Ta dafa kafaɗata, muna hawa ɗaya-ɗaya, tana nishi tana ambaton Allah. Tun da muka zo ba ta taɓa riƙe ni na tsawon haka ba. Tana ƙamshin man zafi da turaren wuta. A ta tara na so in ce mata na yi kuskure, mu koma. A ta goma sha ɗaya muryar Inna ta iso mu.

"Hadiza, juyo nan. Saura kaɗan, Hadiza."

Yatsun Goggo suka nutse a kafaɗata. Ta tsaya. Muka ji sunan sau uku kuma. Sannan ta sake ni, ta hau sauran ukun ita kaɗai.

Inna tana ganinta kibiyar ta faɗi daga hannunta. Batula ta tashi zaune, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe.

Goggo ta ce, "Amina, wa kike kira?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Ni ban haihu ba, amma a Kazaure aka haife ni. Babarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunana ba, don ni ce ta fari. Ke kuma ga 'yar fari, ga sunan yayar mijinki, kina ta jera shi kamar mai talla." Ta numfasa. Muryarta ta sauka. "Uwa ba ta yin haka da mai rai. Ina kuka binne ta?"

Inna ta ce, "Abeshe."

Daga nan ta fashe da kukan da ba ta yi ba a Abeshen. Ban taɓa jin irinsa ba. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan rufinsu. Goggo ta zauna a ƙasa dirshan, ta juya wajen Batula.

"Ke kuma wace ce?"

"Batula."

"'Yar wa?"

"Ba kowa, Goggo."

Can Goggo ta waiwayo inda nake tsaye a bakin matakala. "Ina tsagar?"

Na ce, "Babu."

Ta daɗe tana dubana. A ranar ta fara ganin goshina, na tabbata, domin a nan idonta ya tsaya.

Goggo ta yi zaman makoki na kwana uku, kamar a ranar aka yi rasuwar. Matan Hausawan unguwa suka zo, aka yi addu'a, aka raba waina sadaka. Baba kuwa Goggo ta sa shi a gaba ta yi masa faɗa kamar yaron da ya fasa tulu, yana durƙushe, hularsa a hannu. Batula da kanta ta cire 'yan kunnen ta ajiye a kan matashin Goggo, ta ɗauko zanenta ta dawo ɗakinmu. Muka kwana tabarma ɗaya, ta juya mini baya.

A rana ta huɗu Goggo ta tara mu. Ta ce, "Ba zan kai maganar ko'ina ba, kuma ba zan jefa marainiya a titi ba. Amma ba zan iya buɗe ido kullum in gan ta ba. Shekara guda ina shafa kan yarinya ina yi wa Allah godiya, ashe tawa tana cikin ƙasa ban yi mata ko Fatiha ba." Ta nuna Baba da carbi. "Ka yi mini alkawarin 'ya. Ka bar mini ta jinina. Ku tafi da taku."

Na jira Inna ta ce wani abu. Ta dubi tafin hannunta. Baba ya ce, "Yadda kika ce, Yaya." Ya riga ya kasa haɗa ido da kowa a unguwar, ya ce da an sauko daga Arfa za su koma Madani inda ya san aiki, daga can su nemi hanyar gida.

Da la'asar na sauka wurin Nani. Ta ji komai, ɗakinta a ƙarƙashin namu yake. Ta miƙo mini allura na zura mata zare. Na ce, "An gane ta."

Nani ta ci gaba da ɗinki. Ta ce, "A ƙasarmu, idan aka tona ta ƙaryar, sai a je tafki a fito da ta gaskiyar da ranta, a yi mata wanka, a mayar mata da zanenta. Don haka ake tonawa." Ta ciji zaren ta tofar. "Taku ta fito?"

Ban sake zuwa sauraron tatsuniya ba, ita ma ba ta kira ni ba.

Sun tafi kwana goma bayan Babbar Salla, da hantsi, a wata babbar mota mai zuwa Jidda cike da alhazai da buhunan dabino. Inna ta gyara mini mayafi, ta ce in yi wa Goggo biyayya, in riƙa cin abinci, kada in zauna da jiƙaƙƙen kai. Tun ranar rufin ba ta sake faɗin sunan nan ba. "Batula" take cewa yanzu, a taƙaice, kamar yadda take cewa "Rabi". Sai a wurin motar na gane abin da na ƙwace wa Inna, kuma ba ni da hanyar mayarwa.

Batula ta riga ta hau, sai ta sauko ta zo inda nake. Na ɗauka zagi ne, na shirya karɓa.

Ta ce, "Gwiwar Goggo ta hagu ta fi ciwo, amma ta dama za ta miƙo miki. Ki fara da ta hagun. Ki ɗumama man a hannunki tukuna. Kuma in ta ce ba ta jin yunwa, ƙarya ce, ki ajiye kwanon kusa da ita ki fita."

Ta koma ta zauna kusa da Inna. Motar ta tashi. Na ga Inna ta ja mayafinta ta rufe musu kai su biyu saboda rana.

Shekara uku ke nan. Gadon ƙarfen ni nake kwana a kai, 'yan kunnen suna kunnena, tsakiyar tamis tawa ce. A aji ni nake zuwa ta ɗaya, Abla tana karanta rubutuna a gaban kowa. Goggo ba ta taɓa cuta mini ba. Amma duk lokacin da na shafa mata man, ko da na ɗumama shi, ko da na fara da ta hagun, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Waccan ta fi ki sanin inda ciwon yake."

Wasiƙa tana zuwa sau biyu a shekara ta hannun matafiya. Inna ba ta iya rubutu ba, saboda haka duk maganar da za ta yi mini da hannun Batula take isowa, da kyakkyawan rubutunta mai kwanciya gefe. Suna Madani har yanzu. A ta ƙarshen, bayan gaisuwa, ta rubuta cewa Inna ta yi mata kitso jiya, kuma ta ce a tambaye ni wa yake yi mini nawa.

Ni nake yi wa kaina, da madubi biyu, kuma bayan ba ya taɓa miƙewa. Wata biyu ke nan wasiƙar tana cikin littafin tarihina. Na san in na rubuta amsar, Batula ce za ta karanta wa Inna.